Gwiwoyin Saje Namadi

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da yawa da suka wuce, tsohon soja ne, ana kiransa Saje Namadi. Bawan Allah ne marar hayaniya. Ƙuruciyarsa duk a kan ƙafa ta ƙare, akwatin harsashi a ka, a hau dutse, a gangaro, a ratsa fadama. Da ya ajiye kaki ya dawo gida, sai gwiwoyi suka ce ga mu nan. Amosanin gaɓɓai ne, irin wanda guringuntsi ke zaizayewa har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Noma ya gagare shi, magani ya gagare shi, matarsa Tabawa ce ke riƙe da gidan da ɗan ƙuli-ƙulin da take soyawa.

A lokacin hukuma takan ba da tallafi ga sojan da aiki ya nakasa, amma sai likita ya duba. Likitan da ya duba Saje baƙo ne, ba ya jin Hausa sai da tafinta. Ya ce a tambaye shi yaya jiki. To ku gaya mini, jama'a, Bahaushe me zai ce? Ko daga ƙarƙashin mota aka jawo shi, amsar ɗaya ce. Saje ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Tafinta ya juya maganar yadda ya ji ta. Likita ya ce tunda mutum da bakinsa ya ce yana samun sauƙi, ba ya cikin nakasassu. Aka hana shi.

Ya ɗaukaka ƙara, aka ce kwamiti zai zauna ya sake duba shi. Nan fa gari ya ɗauka. Wasu suka ce, "Likita ya ce lafiyarsa lau, me kuma yake nema?" Wasu suka ce, "Jiya na gan shi yana tafiya masallaci ko sanda babu." In ya wuce sai a bi ƙafafunsa da kallo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don talauci ya saba da shi, amma ba a taɓa kiransa maƙaryaci ba.

Ana nan sai ga Kofur Jatau, abokinsa tun barikin soja, wanda ya san kan irin wannan zama. Ya ce, "Saje, ka ɓata rawarka da bakinka. Ranar zama a baro za mu tura ka. Ka yi ta nishi. In an tambaye ka, ka ce daga motar soja ka faɗo, duka gwiwoyin suka bugu. Ni zan yi shaida."

Saje ya ce, "Ban faɗo daga mota ba."

"Wa ya sani?"

"Ni na sani. Ta daman nan aikin soja ya ci ta, wannan gaskiya ne. Ta hagu kuwa daga kan rumbuna na faɗo, bayan na bar aiki."

Tabawa da ke jin su ta ce, "Malam, wannan gaskiya ce ko girman kai? Kai ba ka so a ga an tura ka a baro ne kawai." Ku ji fa, har cikin gidansa zato ya bi shi.

Ranar zama ta zo. Shugaban kwamitin wani Kanar ne mai ritaya, Kanar Shu'aibu, mutumin da ya daina yarda da kowa. Kuma kada ku yi saurin zaginsa. Ya ga wanda ya shigo yana ɗingishi da dama ya fita yana ɗingishi da hagu. Ya ga wanda aka ɗauko ranga-ranga, da ruwan sama ya sauko ya riga kowa shiga rumfa. A gefensa akwai wata likita.

Saje ya shigo da ƙafarsa. Yana ganin Kanar, jiki ya tuna abin da ya saba, ya haɗa dugadugai ya ƙame ya sara masa. Tabawa da ke bakin ƙofa ta dafe kai.

Kanar ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce, "Kai ne mai ciwon gwiwa? Ka ƙame kamar jiya aka ɗauke ka aiki. Yaya jikin?"

Saje ya san abin da kalmar nan ta jawo masa. Amma bakinsa bai iya wata ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi, ranka ya daɗe."

Kanar ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Duka biyun aikin soja ne ya ci su, ko?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ta dama ce taku. Ta hagu tawa ce, daga rumbu na faɗo."

Ku saurara ku ji yadda zato yake. Kanar ya juya ga likita ya ce, "Kin ga sabuwar dabara. A sallama mana ɗaya don mu yarda da ɗaya." Ya sake duban Saje. "Wa ya koya maka? Kuma in da sauƙi, me ya kawo ka?"

Saje yana nan a ƙame, don ba a ce ya huta ba. Gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gaishe ni ka yi, na amsa gaisuwa. Na binne abokai a daji, na ga waɗanda suka dawo ba ƙafa. In na ce babu sauƙi, Allah yana jina. Amma har yau ba wanda ya tambaye ni abin da ba na iyawa."

"To na tambaye ka. Me ba ka iyawa?"

Saje ya ce, a hankali, "Sujada. Na manta rabon da goshina ya taɓa ƙasa. A zaune nake salla, can ƙarshen sahu, inda ba a cika lura ba."

Kanar ya ce, "Huta. Zauna."

Ya yi yunƙurin zama, gwiwoyin suka ƙi lanƙwasuwa. Tsayuwar ta sandarar da su. Likita ta taso ta riƙe shi, ta ɗora tafin hannu a kan ta dama tana lanƙwasa ta a hankali. Kowa a ɗakin ya ji ƙarar, kamar ana niƙa tsaki a dutse. Saje ya cije leɓe, bai yi nishi ba.

Ta ce, "Baba, ranar da ka faɗo daga rumbu, me ya kayar da kai?"

"Ta daman ce ta ƙi ɗaukata, 'yata. Na taka, ta sake."

Likita ta dubi Kanar ta ce, "Ashe ita ma ta hagun tamu ce." Kanar ya tashi daga kujerarsa, ya zagayo tebur, ya kama tsohon ta kafaɗa ya zaunar da shi da hannunsa. Aka ba shi haƙƙinsa a kan duka biyun.

To jama'a, ban ce muku duk mai gaskiya sai an biya shi a duniya ba. Saje da ya shiga ɗakin nan bai san za a ba shi ba, ya shiga ne ya yarda gara ya fito hannu wofi da ya fito da ƙarya. Wannan shi ne darasin: ka faɗi gaskiya ko da kana ganin za ta hana ka abin da kake bukata. Kuma ka ji tsoron Allah game da zato, don wanda ya cuce ka jiya ba shi ne a gabanka yau ba.

Ni da ku, kowa yana da irin Saje a gidansa. Kullum da safe kana cewa, "Baba, yaya jiki?" ya ce da sauƙi, ka ɗauki hularka ka fita ranka fes. Gobe in ka gaishe shi, kada ka tafi. Ka tsaya ka ga yadda yake tashi daga tabarma.