Gizo da Tulun Zumar Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Zaki ne zai yi tafiya, sai ya ba Gizo ajiyar tulu biyu na zuma, bakinsu a liƙe da laka. Gizo kuwa kun san shi da kwaɗayi. Ya huda ɗaya, ya zura kara ya shanye tas, ya mayar da laka ya shafe.

Da Zaki ya dawo ya ga tuluna a liƙe, har ya fara sa albarka. Sai Kunkuru, tsohon makaɗin fada, ya ƙwanƙwasa na farko da ɗan itace, ya ji dif. Ya ƙwanƙwasa na biyu, sai amo ya tashi, ya daɗe bai mutu ba.

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan babu komai cikinsa. Amo ai girgiza ce. Zuma ta riƙe jikin wancan, ta hana shi rawa. Wannan kuwa iska ce a ciki, tana taya shi, kamar cikin ganga."

Gizo ya ce, "Yanka ya daɗe, muyna yake yi da ganinka."

Zaki ya ce, "To, bari mu ga cikin mai murnar." Ya kai wa tulun duka, ya fashe, ko ɗigo babu. Kafin ya juyo, Gizo ya haye rufin ɗaki.

Tun ranar yake zaune tsakiyar saƙarsa, ƙafa kan zare. Ko ƙuda ya taɓa, zaren zai girgiza ya gaya masa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma gida.