Sunaye Goma Sha Bakwai da Suka Ɓace

Sama'ila ne ke kula da rumbun bayanai na wata ƙungiyar manoma a Bodinga. Ya iya aikinsa, amma yana da gaggawa, kuma idan abu ya lalace wani yake fara zargi.

Ƙungiyar tana da manyan kwamfutoci biyu, ɗaya a Bodinga, ɗaya a Shagari a hannun wata ma'aikaciya mai suna Atika. Idan za a raba iri, daga Bodinga ake tura tambaya ɗaya ta haɗo sunayen manoma daga duka biyun. Akwai wani ɗan umarni na kwamfuta da ke tace sunayen, ya zubar da waɗanda aka rubuta ba daidai ba. A Bodinga yake aiki, don haka sai an jawo duk sunayen Shagari tukuna, ga netwok ba ƙarfi.

Ana gab da damina Sama'ila ya gaji da jira. Ya saita tsarin yadda tacewar za ta gudana can Shagari, a aiko masa sakamako kawai. Ya sanar da Atika ta waya.

"Malam Sama'ila, mu gwada tukuna," in ji ta. "Umarnin da munka aje nan tsoho ne. Ban tabbata shina aiki irin naku ba."

"Sunansu ɗaya, aikinsu ɗaya," ya ce. Ya ajiye waya yana tunanin ko akwai abin da take ɓoyewa.

Ranar rabon irin gero, manoma goma sha bakwai na ƙauyen Horo Birni da ke ɓangaren Shagari suka koma gida hannu wofi, don babu sunansu. Sama'ila ya je wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Nasiru.

"Ranka shi daɗe, Atika nike zargi. Tun farko ba ta so a taɓa kwamfutarta ba."

Aka dakatar da ita. Mutane suka fara cewa ta sayar da rabon talakawa. Bayan mako biyu ta zo Bodinga da kanta, ta roƙi a karanta sunayen waɗanda ba su samu irin ba a gabanta. Alhaji ya karanta: Ɗahiru, Ƙasimu, Ɗanladi, Ɓaidu.

"Alhaji, duba farkon kowane suna," ta ce.

Duk da harafi mai lanƙwasa suka fara. Tsohon umarnin Shagari bai san waɗannan haruffa ba, sai ya ɗauka kuskure ne ya zubar da sunayen. Sama'ila ya sunkuyar da kai. Iri ya riga ya ƙare, shuka ta yi nisa. Aka karɓe aikin daga hannunsa. Ya bi Atika har bakin ƙofa yana neman gafara.

"Na yahe," ta ce. "Saura mutanen Horo Birni."

Darasi: kada ka tura aiki inda ba ka gani sai ka gwada ka tabbata sakamakon can daidai yake da na nan. Kuma idan ɓarna ta faru, fara duba abin da hannunka ya canza kafin ka ɓata sunan wani.