Mutumin da Ya Rubuta "Na Gyara"

"Ka karanta ƙa'idojin zaure kuwa, kafin ka zo kana cika mana waya da surutu?"

"Na karanta, Injiniya. Tambaya ɗaya tak na yi."

"Da ka karanta, da ba ka yi ta ba."

"To, a nuna mini inda amsar take a cikin ƙa'idojin."

"Au, ni zan nuna maka? Ni yaronka ne? Ku yaran yanzu sai an tauna an sa muku a baki."

"Ni ba yaro ba ne, Injiniya. Ina da mata da 'ya'ya."

"Madalla. Je ka tambaye su."

Akwai wani mutum, sunansa Habila, sana'arsa rubuta manhaja, wato umarnin da ake ba na'ura don ta san aikinta. Shi ne wanda aka tura ya je ya tambayi 'ya'yansa. Wanda ya tura shi kuwa Injiniya Gayus ne, mai kula da wani zaure a intanet inda masu wannan sana'a suke taruwa, wai don su taimaki juna. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma Habila ya tabbata ko a kasuwa ya ga mutumin nan zai gane shi, saboda hancinsa zai kasance yana kallon sama.

Ga abin da ya kai shi zauren. Habila ya haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, ya sa hita a ciki, wato abin ɗumama shi, da ma'aunin zafi, da 'yar na'urar da za ta riƙa kunna hitar tana kashewa. Manhajar da ke tafiyar da ita ba shi ya rubuta ta tun daga tushe ba. Ta kowa ce, kyauta aka ajiye ta a intanet. Al'adar masu sana'ar kuwa ita ce: ka ɗauka kyauta, in ka tarar da inda ta lalace ka gyara, sai ka mayar da gyaran inda ka ɗauko, domin wanda zai zo bayanka.

To, manhajar nan tana da wani mugun hali. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ta rantse zafi ya isa, ta hana hita kamawa, alhali cikin akwatin ya yi sanyi kamar randa. A lokacin babu ƙwai a ciki, gwaji kawai yake yi. Wannan ita ce tambayar da ya kawo.

Da Injiniya ya gama da shi, sai sauran 'yan zaure suka fito, kowa da tasa gudummawar.

Wani ya ce, "Ni dai a wajena tana aiki lafiya lau." Iyakar taimakonsa ke nan, ya koma.

Wani ya ce, "Kai! Har yanzu akwai masu amfani da wannan tsohuwar aba? Zubar da komai, ka koyi irin wadda nake amfani da ita."

Wani ya aiko da saƙon murya mai tsawon wa'azin ranar godiya. Ya gai da Injiniya, ya gai da mataimakin Injiniya, ya tambayi iyalin kowa, babur ya wuce, ya yi ciniki da mai rake, sa'an nan a ƙarshe ya ce, "Amma gaskiya ni ban taɓa ganin irin wannan akwati ba."

Sai Baba Tanko. Shi Baba Tanko, tun da aka kafa zauren, amsarsa ɗaya ce ga kowace irin matsala a duniya, bai kuma taɓa karanta tambaya har ƙarshe ba. Ya rubuta, "Ka gwada kashewa ka kunna?"

Habila ya ji kamar ya ciji wayar. Kashewa da kunnawa ai su ne ciwon! Ya kifa wayar a kan tabarma, ya ja kwamfuta, ya ce ko zai mutu a wurin sai ya gano da kansa. Ya bi manhajar layi bayan layi, abinci ya huce a gefensa, matarsa ta yi magana ta gaji. Can sai ga shi. Layi ɗaya ne tak ya karkace. Ya miƙe shi, ya zare wuta, ya mayar, hita ta kama nan take.

Ya yi tsalle, ya yi godiya ga Allah da babbar murya. Sa'an nan ya ɗauki waya, kafin bakinsa ya bushe da godiyar, ya rubuta a zaure:

"Na gyara. Ba da taimakon kowa ba. Ku riƙe iliminku, ni ma na riƙe nawa."

Ba a jima ba wata mata mai suna Keziya, wadda ba ta sa baki a faɗan ba ko kaɗan, ta rubuta a ƙasa, "Yaya Habila, sannu da ƙoƙari. Don Allah yaya ka yi? Nawa akwatin ma haka yake yi mini."

Habila ya gani. Ita ma ta ga alamar cewa ya gani. Ya ce a ransa, "Ni da na tambaya, wa ya ba ni?" Bai amsa mata ba, bai kuma mayar da gyaran inda ya ɗauko manhajar ba. Ya bar shi a kwamfutarsa, yana jin daɗi a ransa, kamar ya mari Injiniya Gayus.

Shekaru suka wuce. Ya sayar da wancan akwati, ya shiga wasu ayyuka, ya yi faɗa a wasu zauruka har ya manta da wannan. Ita kuwa kwamfutar, autarsa ta ba ta shayi ta sha, ta mutu da duk abin da ke cikinta.

Ana nan sai Mama Saraya, shugabar zumuntar mata ta ikilisiyarsu, ta same shi. Ta ce, "Ɗana, an ce kana haɗa abin da ke kwanci kamar kaza. Ka haɗa mana mana. Gwaurayenmu, matan da mazansu suka rasu, muke so su sami 'yan tsaki, kowace ta sami abin kiwo a gidanta."

Habila ya ce, "Mama, wannan ai ƙaramin abu ne." Ya haɗa sabon akwati, ya koma intanet ya sake ɗauko manhajar nan ta kowa, kyauta, kamar dā. Tana nan yadda ya bar ta.

Gwauraye suka kawo ƙwai, wata a ƙwarya, wata a bakin zane. Kowace ta sa wa nata alama da gawayi don kada a rikice. Kaka Ladi, wadda kaza ɗaya ce dukiyarta, ta kawo nata tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ta ce, "Jikokina sun yi ta kuka a soya musu, na ce su yi haƙuri, kaji suna zuwa." Ta zana wa kowane ƙwai ɗan gicciye.

Saura kaɗan a fara jin kukan 'yan tsaki, sai wata safiya hadari ya taso, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita. Da rana ta yi tsaka Mama Saraya ta kira shi. "Ɗana, fuskar akwatin nan tana cewa lafiya, amma na sa hannu na ji sanyi ƙalau."

Habila ya iso a guje. Yana ganin abin ya san ya taɓa gamuwa da shi, kamar yadda kake ganin fuskar mutum ka san ka san shi, amma sunan ya ƙi zuwa. Ya san layi ɗaya ne. Wane layi? Mata suka hura wuta, suna ɗura ruwan zafi a kwalabe suna naɗewa da zannuwa suna jerawa a gefen ƙwan, wani gefe ya yi zafi, wani ya yi sanyi. Shi kuwa gumi yana ɗiga a kan sabuwar kwamfutarsa.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya koma zauren nan. Wannan karon har da durƙuso a cikin rubutu. "Barkanku da aiki, manyanmu. Injiniya, ranka ya daɗe. Don Allah a taimaka, ƙwan gwauraye ne a ciki, suna hucewa." Ya bayyana matsalar dalla-dalla.

Injiniya Gayus ya amsa nan da nan. "An taɓa yin wannan tambaya, an kuma warware ta. Ga ta nan, latsa ka gani. Ba ma maimaita magana a zauren nan. Na rufe."

Habila bai ma ji zafin ba. An warware! Ya latsa, ya wuce tambayar, ya wuce surutun, ya sauka ƙasa inda amsa take. Ya karanta: "Na gyara. Ba da taimakon kowa ba. Ku riƙe iliminku, ni ma na riƙe nawa."

Ya miƙe tsaye. "Wane marar tarbiyya ne wannan? Wane irin mugu ne? Ka gyara, to, yaya ka yi? Layi ɗaya zai kashe ka? Allah ya isa tsakanina da..."

Sai idonsa ya faɗa kan ɗan hoton da ke gefen saƙon. Wani mutum ne da hular Kirsimeti a karkace, yana murmushi har kunne. Hular ma tana nan a gida, a kan ƙusa.

A ƙarƙashin saƙon kuwa mutane ne jere, shekara bayan shekara. "Yaya ka yi?" "Ɗan'uwa, yaya ka yi?" "Don girman Allah, yaya ka yi?" Keziya ta dawo sau da dama. Na ƙarshenta ya ce, "Na haƙura. Na koma wa kaza."

Ya aika wa Injiniya shi kaɗai. "Ranka ya daɗe, a buɗe tambayar. Wancan saƙon babu amsa a cikinsa. Ni na rubuta shi."

"Kai ka gyara, kai kuma kake tambaya? To, tambayi kanka."

Ya kuwa tambayi kansa, layi bayan layi, kamar dā. Ya gano, amma sai washegari da la'asar. Hita ta kama, akwatin ya ɗumama, aka yi ta jira har lokacin ƙyanƙyasa ya wuce. Ko ƙwai ɗaya bai fashe ba.

Mama Saraya ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Gwauraye suka zo, kowace tana neman alamarta. Kaka Ladi ta tsince masu gicciye, tana kai kowanne kunne tana saurare, tana ajiyewa. Ta dube shi ta ce, "Jikana, ba an ce kai ka san abin nan ba?"

Ya ce, "Na taɓa sani, Kaka."

Ta ce, "To, ina ka ajiye?"

To, 'yan'uwa da ke cikin majami'ar nan, ma'anar wannan misali ita ce, ku saurara, har da ku na bencin baya da kuke latsa waya a ƙarƙashin littafin waƙa. Manhajar nan ta kowa ita ce duk wata baiwa da Allah ya ba mu ba tare da mun biya ba: ilimi, basira, hannu mai gyara. Ba wanda ya zo duniya da ita a aljihu. Wani ne ya koya maka, shi ma wani ya koya masa.

Injiniya Gayus shi ne duk wanda aka ba tsaron ƙofa don ya shigar da mutane, sai ya mai da ita wurin auna tsawonsa. Muna da su. Sabon mutum ya tambayi inda za a buɗe a Littafi Mai Tsarki, a ce masa, "Kai ba ka zuwa nazari ne?" Yarinya ta tambayi yadda ake saita makirfo, a ce, "Bari, za ki lalata." Irin wannan mutum zai ba da amsa a gaban Ubangiji a kan kowane bakin da ya rufe. Su kuma masu "ni a wajena tana aiki", ina roƙonku, in ba ku sani ba, shiru ba zunubi ba ne.

Amma kada ku yi saurin tafa wa Habila don an wulaƙanta shi. An wulaƙanta shi, gaskiya ne, fushinsa ma yana da dalili. To, wa ya rama a kansa? Injiniya ya ci tuwonsa ya yi barci, ko atishawa bai yi ba. Keziya ce ta sha, ita da ba ta yi masa laifin komai ba. Kaka Ladi ce ta sha, ita da ba ta san ma mene ne zaure ba, da jikokinta da aka hana wainar ƙwai aka ce kaji suna zuwa. Haka ramuwa take, ba ta san adireshin wanda ya yi maka laifi ba, gidan marar ƙarfi take sauka. Abin da ka ɓoye don ka ƙuntata wa wani kuwa, ka ɓoye wa kanka ne, gama kwamfuta tana shan shayi, kai ma kana mantuwa. Abin da ka bayar ne kaɗai za ka koma ka tarar.

Saboda haka, in Allah ya fitar da kai daga wata matsala, a wurin aiki ne ko a gida ko a cikin bangaskiyarka, kada ka tsaya a "na gyara". Faɗi yadda aka yi. Akwai mai zuwa a bayanka da ƙwai a bakin zane.

Shi dai Habila, a ranar da aka zubar da ƙwan, ya mayar da gyaran inda ya ɗauko manhajar. Ya kuma koma ƙarƙashin tsohon saƙonsa ya rubuta komai, layin da yadda ake miƙe shi. Ya nemi gafarar Keziya da sunanta. A ƙarshe ya ce, "Na makara. Ƙwan gwauraye sun mutu duka, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba."

'Yan zaure suna ta karantawa. Can sai alama ta nuna wani yana rubutu.

Baba Tanko ne.

"Ka gwada kashe su ka kunna?"