Tambayar da Koci Vandi Ya Yi a Bakin Fili

Akwai wani mutum a Sabon Layi, cikin Mubi, mai suna Vandi Kwaji. A Legas ya koyo ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ana karo da hular kwano a kai. Da ya dawo gida ya tara samari, shekara shida yana horar da su.

Dokarsa ɗaya ce, kuma shi ya kafa ta. Duk wanda kansa ya bugu, a tambaye shi inda yake. In ya kuskure, ya gama wasa a ranar.

Wata Asabar baƙi suka zo daga Abuja suna neman koci. Ranar yaran Vandi suna karawa da wata ƙungiya. Ana tsakiyar wasa, Caleb ɗan garin Muchalla, wanda ya fi kowa gudu, ya yi karo ya faɗi. Ya miƙe yana tangaɗi.

Vandi ya ja shi gefe. "Caleb, ina muke?"

"Gella mana, Koci."

Ba garin Gella suke ba, a Sabon Layi suke. Babu wanda ya ji sai Vandi. Ya dubi baƙin, ya tuna an fi yaransa da maki huɗu. Sai ya gyara masa hula ya ce, "Koma."

Caleb ya ci musu wasan, amma ya sake karo a kan layin ƙarshe, bai tashi ba. Kwanansa tara a asibiti. Ya fito da ciwon kai da ba ya barinsa tsayuwa a rana, balle noma.

Takardar aikin Abuja ta iso. A makon ne Tabitha, mahaifiyar Caleb, ta zo da buhun gyaɗa.

"Malam, Allah ya saka. Kai ka ɗauki yarona zuwa asibiti."

Vandi ya kasa miƙa hannu. "Mama, na tambaye shi, ya ce Gella. Na ji sarai, na mayar da shi."

Ta ce, "To me ya sa ka tambaya?"

Ta ajiye gyaɗar ta tafi.

Bai je Abuja ba. Ya tara 'yan wasansa ya faɗa musu komai. Da damina shi yake nome gonar Caleb. Yanzu Caleb ke zama a inuwa da usur, shi ke yin tambayar, kuma in ya ce a fita, koci ma bai isa ya musa ba.

Ranar da Vandi ya nemi gafararsa, Caleb ya yi murmushi.

"Ni ban tuna ranar ba, Koci. Kai ne za ka riƙa tunawa."

Darasi: In an ba ka amanar mutane, kada ka taka su don ka hau. Kuskuren da babu wanda ya gani, kai ka gan shi, kuma da shi za ka zauna. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa.