Shaidar Guntun Kara

An ce wai an yi wani sarki wanda zawo da zazzaɓi suka addabi talakawansa kowace damina. Sai ya ware dukiya ya raba ta biyu daidai. Rabi ya ba Galadima Nomau don garin Tudun Gora, rabi ya ba wata ma'aikaciyar jinya, Hansatu, don garin Kwarin Maje, ya ce bayan shekara uku zai tambaye su.

Galadima ya gina asibiti mai hawa biyu, ya sayo na'urar da ba mai iya kunna ta. Hansatu kuwa ta ɗaure bakin rijiyoyi ta yi musu murfi, ta sa aka haƙa masai nesa da su, ta raba gidan sauro, ta bi gida gida tana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. 'Yan kasuwa suka raɗa mata suna Likitar Masai. Har mahaifinta ya ce ta ajiye aikin. Ba ta ajiye ba.

Da wa'adi ya cika, Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, bara kaɗai mutum dubu huɗu suka kwanta a asibitina, har a baranda muke shimfiɗa tabarma. Yarinyar nan kuwa gado shida ne a ɗakin jinyarta, uku ma kaji ke kwana a kai. Ta faɗi inda ta kai dukiyar sarki, ko a tsige ta."

Sarki ya ce, "Hansatu, kin ji."

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ban gina abin ɗaukar hoto ba. Kuɗin suna bakin rijiya. In wannan sata ce, na yi, gobe ma zan sake."

Fadawa suka ce, "Hattara dai, yarinya!"

Sarki ya ɗaga hannu, ya ce a kira masa masu haƙar kabari na garuruwan biyu. A ƙasar, idan an yi rasuwa, akan auna gawa da karan dawa a aika wa mai haƙa don ya san tsawon kabari. Da suka zo, sarki ya tambaye su wane irin kara ake kawo musu.

Na Tudun Gora ya sunkuyar da kai ya ce, "Guntaye, ranka ya daɗe. Wani bai kai kamu biyu ba. Da damina sai a kawo uku kafin azahar."

Na Kwarin Maje, wani tsoho mai suna Tanimu, ya ce, "Ni damina biyu ke nan ban ga guntun kara ya fi biyar ba. Sauran dogaye ne, na sa'o'ina."

Sai sarki ya ce, "Galadima, kai ka ƙidaya mini waɗanda suka kwanta, ita kuwa ta hana su kwanciya. Rai na Allah ne, amma murfin rijiya namu ne. Ba za a rushe asibitinka ba, sai dai daga yau lafiyar garuruwan biyu tana hannun Hansatu, kai kuma ka bi ta ka koya."

Hansatu ta rusuna ta yi godiya, sannan ta dubi Galadima ta ce, "Ranka ya daɗe, gobe da hantsi. Ka zo da takalmin da ba ka so, don daga masai za mu fara."

Shi ya sa masu hankali ke cewa, ba a auna lafiyar gari da cikar asibiti, sai da ciyawar da ta rufe hanyar maƙabarta.