Malamin Da Ya Daina Tambayar Baki

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba, tun zamanin da wayar hannu ta fara shiga ƙauyuka. Dakta Jafaru ake ce masa, malamin jami'a ne, ba likitan asibiti ba. Iliminsa shi ne yadda za a ƙera na'ura ta bi da mutum cikin sauƙi, ko tsohuwa ta ɗauka kada ta wahala.

Shekara uku ya yi yana haɗa wata manhaja a waya, mai tuna wa masu hawan jini lokacin shan magani. Ya raba wa tsofaffi arba'in wayoyin gwaji. Bayan wata biyu ya bi su gida-gida. "Baba, ta yi amfani?" "Ta yi, Malam, Allah ya saka." "Iya, kin gane ta?" "Sarai kuwa, Allah ya yi albarka." Duk arba'in ɗin ba wanda ya ce a'a. Ya rubuta sakamako, aka karɓi takardarsa a babban taron masana, kuma ita kaɗai ta rage masa ya zama farfesa.

To, ku saurara. Saura mako guda ya tafi taron, sai ya ji Goggo Tabawa, ɗaya daga cikin tsofaffin nan, ta yanke jiki ta faɗi a gindin murhu. Ya je dubiya. Bayan an gaisa ya ce, "Goggo, ina wayar?" Ta nuna masa jeren kwanonta. Ga waya can cikin kwalla, naɗe da ƙyalle, ko caji babu.

Ya ce, "Goggo, ba kin ce kin gane ba?"

Ta ce, "Haba ɗan nan! Malami guda ya tako har ɗakina da kyauta, in dubi idonsa in ce abinsa bai yi ba? Rubutu take ta yi, wai ƙarfe kaza. Ni ban yi boko ba, ban san ƙarfe ba. Azahar na sani, la'asar na sani."

Jama'a, kun san halinmu. Kara ce da kunya, kuma abu ne mai kyau, amma ta kusa kashe baiwar Allah nan. Dakta ya koma jami'a ya faɗi abin da ya gani. Wani abokin aikinsa ya ce, "Kai Dakta, mutum ɗaya cikin arba'in? Da bakinsu suka ce ta yi, ba ƙarya ka rubuta ba. Ka je ka karɓo kujerarka ta farfesa tukuna." Dakta ya ce, "Ni ban yi ƙarya jiya ba, amma in na karanta ta gobe na yi."

Ya sake bin gidajen. Wannan karon bai tambayi kowa ba. Sai ya zauna a tabarma, ya miƙa wayar ya ce, "Baba, nuna min yadda kake yi," ya zuba wa yatsu ido. Talatin da ɗaya suka kasa. Ya janye takardarsa, ya rubuta wata yana bayyana kuskurensa ɗalla-ɗalla. Kujera ta wuce shi. Har suna aka laƙaba masa, wai Malamin Tabarma.

Bai yi fushi ba, wallahi bai yi ba. Ya koma kan manhajar ya cire rubutun, ya sa murya da Hausa, ya bar ƙarfe ya koma lokutan salla: "An yi azahar, a sha magani." Da Goggo Tabawa ta warware, ita ya fara kai wa. Ta danna da kanta, ta yi dariya ta ce, "Yauwa, yanzu ta koyi magana."

Ku ji ikon Allah. Takardar kuskuren nan ita ce masana suka fi karantawa cikin duk abin da ya rubuta. Ɗalibansa suka bazu suna koyar da ƙa'idarsa: kada ka tambayi baki, kalli hannu. Ya yi ritaya yana Dakta, kuma in an yabe shi sai ya ce, "Ku gode wa Goggo Tabawa, ita ta karantar da ni."

Ni da nake gabanku, mahaifiyata ta yi shekara tara irin wannan murya tana tuna mata magani. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma ina gode masa, ina sa shi a addu'a. Allah ya saka masa da Aljanna. Ku ce amin.

Darasin a fili yake: gaskiyar da ta hana ka kujera ta fi yabon da zai kwantar da wani. Kai maigida, kai malamin makaranta, kai mai shago, da aka ce maka "ba komai" ka tabbata ba komai ɗin? Yau in kun koma gida, kada ku tsaya ga "lafiya lau" ɗin tsofaffinku. Ku zauna a tabarma, ku ce a buɗe muku kwalla.