Yadda Garin Nan Ya Cika da Ajuji

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da cutar agana take shiga gari ta kwashe mutane. Masaƙin tabarma ne, ana kiransa Ajuji.

Yaran yanzu ba su san wannan suna ba, bari in gaya muku. A da, idan mace tana wabi, wato tana haihuwa 'ya'yan suna mutuwa, sai in ta sake samu a ɗauki jaririn a ajiye shi a kan juji, a nuna kamar ba a damu da shi ba, sannan a ɗauko. Wai ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Jahilci ne, rai na Allah ne, amma uwar da ta binne 'ya'ya ba abin da ba za ta gwada ba. Haka aka yi wa wannan bawan Allah, sunan kuma ya bi shi har ya yi furfura.

To, yana da maƙwabci, wani mahauci mai suna Halilu, mai bakin tsiya. In Ajuji ya zo wucewa ta kasuwa, sai Halilu ya nuna tarin shara ya ce, "Ajuji, ba ka gaida mutanen gidanku ba!" A kwashe da dariya. Shi kuwa sai ya ce, "Sannu da aiki, Halilu," ya wuce. Yau haka, gobe haka, shekara da shekaru.

Ku saurara. Rannan agana ta shigo garin, ta kama Halilu. 'Yan'uwansa suka janye jiki. Matarsa tana da tsohon ciki, iyayenta suka zo suka tafi da ita. Abokan dariyar nan, ko ɗaya bai leƙo ba. Aka bar shi a ɗaki shi kaɗai.

Ajuji yana saƙa a tsakar gida, sai ya ji murya ta bayan danga tana cewa, "Ruwa, ruwa." Ya ajiye kaba ya ɗauki tulu. Matarsa Tabawa ta tare ƙofa ta ce, "Malam, ina za ka? Mutumin da ya mayar da kai abin dariya? In ka kwaso mana fa?"

Ya ce, "Tabawa, ni ma ina tsoro. Amma kin ji shi, ni ma na ji shi. Yaya zan yi in ce ban ji ba?"

Ya shiga. Halilu idanunsa sun kumbura, ba ya gani. Ya sha ruwa, ya sha, sannan ya ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Ni ne, Ajuji."

Sai Halilu ya juya fuska bango.

Jama'a, haka ya yi ta jinyarsa. Tabawa ta dama kunu, shi ya kai ya ba shi a baki, ya wanke shi, ya sauya masa tabarma. Halilu ya tashi. Ajuji kuma ya kwanta. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma cutar ta tafi da idonsa guda. Ba wanda ya taɓa jin ya ce wa Halilu, "Dubi abin da ka ja mini."

Matar Halilu ta haifi namiji. Ranar suna liman ya ce, "Wane suna za a raɗa?" Halilu ya ce, "Ajuji."

Liman ya ce, "Haba Halilu, yaron nan ba ɗan wabi ba ne. Kuma wannan ai ba sunan yanka ba ne."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai ban san wani suna a garin nan da ya fi shi ba."

Sai liman ya juya ya ce, "Malam Ajuji, mene ne sunanka na yanka?" Ku ji fa, duk taron nan ba wanda ya sani. Ajuji ya sunkuyar da kai ya ce, "Zubairu. Tun da uwata ta rasu ba a sake kirana da shi ba."

Aka raɗa wa yaro Zubairu, ana kiransa Ajuji. Wani ya gani ya sa wa nasa, wani ma ya sa. Kafin dattijon nan ya bar duniya, in mace ta leƙo ta ce "Ajuji!" sai yara su waiwayo ta ko'ina a unguwa.

'Yan'uwa, ku zaɓa wa 'ya'yanku sunaye masu kyau, haƙƙinsu ne a kanku. Amma halin mutum shi ke ɗaga sunansa, shi ke kayar da shi. Akwai mai sunan Annabawa da in an ambace shi mutane sai su yi tsaki. Kai da kake zaune a nan, tambayi kanka: a cikin maƙwabtanka, akwai wanda zai yarda ya sa wa ɗansa sunanka? In babu, ka fara gyarawa tun yau, daga gidan da ke jikin naka. Allah ya sa mu dace.